Kujerar da Mama Ta Ajiye Mini

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ciwon bayanki, yaya Baba?

Tun ranar da na fita daga kwale-kwalen tsere a tafkin Snagov na bi mijina Costel zuwa Sifaniya, na kasa haɗa ido da hotonki. Na zaci aure irin na littattafaina ne. Muna lafiya, sai dai ya rage magana.

Jiya a gona wata 'yar ƙasarmu ta ji sunan gidanmu, ta ce, "Ke ce 'yar gwarzuwar tseren kwale-kwalen nan mai lambobin zinare? Da waɗannan kafaɗun kike tsinkar lemu?" Na ci gaba da tsinka.

Na ji kin ajiye mini kujerar tuƙi a sabon kwale-kwalen tseren da za a sa wa sunanki. Ki yafe mini, ki ba wata. Zan zauna da mijina.

'Yarki,
Smaranda