Ki Ce Talabijin Ne Ya Lalace

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, abinci ma ina ci.

Kin ce duk Asabar Inna na kunna talabijin ta ji muryata a bakin tsohuwar nan ta katun, fim ɗin zanen Japan da muke juyawa zuwa Hausa. To, an sallame mu. Wai yanzu fassara za a rubuta a ƙasan hoto, masu kallo sun fi son muryar asali. Shekara uku ina kuka a madadinta, Yaya!

Asabar mai zuwa tsohuwar za ta buɗe baki da yaren da Inna ba ta ji, ga shi ba ta karatu. Don Allah ki ce mata talabijin ne ya lalace.

Taki,
Auta