Kwaɗonka a Ƙofar Akwatin Wuta

Arzika,

Assalamu alaikum. Na rubuta sallamar, na tsaya ina kallonta, don na san ba mai amsawa. Ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da ranka ma ba ka cika karanta abin da nake rubutawa ba, sai ka ninke ka sa aljihu ka ce in gaya maka da baki. To, yau bakin ba shi da inda zai same ka.

Gida lafiya. Haɗiza tana cikin takaba, ta rame amma tana cin abinci. Yara sun koma makaranta. Geron gonarka ta hanyar Dumega ƙanenka ya tara shi, an sa a rumbu. Ƙungiya tana nan, muna haɗuwa kowane wata a ɗakin nan na bayan tasha, kuma tun da ka tafi ni aka ɗora a kujerarka kafin a yi zaɓe. Karatun da kake yi wa masu cajin salula a kasuwa, na yadda za su raba wuta ba su ƙona rumfa ba, ya tsaya, don ba wanda suke saurare kamar kai. Mun karɓi sabuwar mamba, Injiniya Balkisa, wadda ta gama karatu a Yamai ta dawo gida. Ita ce mace ta farko a cikinmu. Da na miƙa mata jan kwaɗonta da sunanta a jiki, sai na tuna aikinka ne wannan.

Maganar kwaɗo ce ma ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna yadda muka faro. Muna 'yan kaɗan, masu aikin lantarki na Dutsi da Tibiri, wasu da takardar injiniya, wasu da tsufa a kamfanin wuta. An kawo shawarar a buga mana kati mai hoto. Ka ce kati ba ya hana mutum mutuwa. Ka ba da labarin abokin aikinka na ƙuruciya da ke bisa layi yana gyara, wani ya zo ya ga an kashe wuta, ya ɗauka mantuwa ce, ya kunna. Daga nan muka sa doka: duk wanda ya shiga ƙungiya a ba shi kwaɗo da sunansa. In ya kashe wuta don wani dalili, ya sa kwaɗonsa. Ba mai buɗewa, ba mai yankewa, sai hannun da ya kulle. Ni na rubuta dokar da Faransanci da Hausa, na yi ta gyaran waƙafi. Ban sa cewa dole mutum ya faɗi dalilinsa ba. Me zai sa? Mai kwaɗo kullum yana nan, sai a tambaye shi.

Arzika, me ka gani a gidan likitan nan?

Ina nufin na ƙauyen da ke bayan Sukukutane, inda ƙungiya ta haɗa musu wutar rana kyauta bara, pano masu kama hasken rana a kan rufi, batir a ɗakin ajiya, firigo na sanyaya allurar rigakafi, da fitilun ɗakin haihuwa. Ka je dubawa kai kaɗai ranar da nake Dosso. Majo, babban malamin likitan, ba ya nan. Madam Zali, ungozomar, tana kan wata mai naƙuda. Ta ce ta ji fanka ta tsaya, sai ka leƙo ta taga ka ce mata ka kashe wuta, kada kowa ya taɓa akwatin, jibi za ka dawo. Ta ce ba ta ga tsoro a fuskarka ba, ba ta kuma ga dariya ba. Ka kulle ƙofar akwatin da kwaɗonka, ka hau babur. Da ka iso gida ka ce wa Haɗiza akwai abin da za ka nuna mini. Washegari da hantsi ka faɗi a tsakar gida, ba ka ƙara magana ba.

Da aka share makoki, majo ya kira ni. Alluran rigakafi sun kwashe su a cikin akwatin ƙanƙara zuwa wani gidan likita mai nisa, mata suna zuwa da jarirai a koma da su ba a yi musu ba. Madam Zali tana karɓar haihuwa da fitilar salula a baki. Ya yi mini ta'aziyya da ladabi, sannan ya tambaye ni yaushe za a kunna.

Mun je, ni da dattijon ƙungiya Malam Gado da Balkisa. Mun hau rufi, mun bi waya ɗaya bayan ɗaya, mun auna batir, mun tone sandar ƙasa mun duba. Duk abin da ke wajen akwatin lafiya lau yake. Na durƙusa na shinshina ramin iskar akwatin ko zan ji ƙauri. Ban ji komai ba sai ƙura. Jan kwaɗon yana rataye, sunanka yana kallona.

Mutanen ƙauyen suna da nasu bayani. Wata tsohuwa ta ce ai tun farko an gaya mana gawon da ke bayan likitan na doguwa ne, aljanar nan, mun kafa ƙarfe kusa da saiwarsa, kai ka gan ta shi ya sa ka kulle, shi ya sa ka mutu. Na yi mata bayanin hawan jini. Ta gyaɗa kai don kada ta kunyata ni. Ka san ban yarda da wannan ba. Amma ka lura, ita tana da amsa, ni da na'urar awo a hannu ba ni da ita.

Taron da ya biyo baya, da kana nan da ka tashi ka fita. Nasiru, yaron nan mai shagon pano da ka tsaya masa har aka karɓe shi, shi ya fara. Ya ce mamaci ba mamba ba ne, kuma haramun ne a bar mata suna haihuwa a duhu saboda guntun ƙarfe. Ya ce kowace ranar da kwaɗon ya ƙara a wurin, masu maganar iskoki suna ƙara samun hujja, kuma shi zartonsa yana cikin jaka. Malam Gado ya bar shi ya gama, sannan ya kira shi ɗan kasuwar pano, ya ce shi yana hawa falwaya tun uwar Nasiru ba ta yi wayo ba. Ya ce in yau an buɗe kwaɗon wanda ya mutu, gobe za a buɗe na wanda ya yi tafiya, jibi na wanda ya je salla, daga nan sai a koma ɗaukar gawa. Nasiru ya ciro nasa kwaɗon ya buga a tebur, ya ce in dokar ta fi ran jarirai to a riƙe. Samari da dama suka sa hannu a aljihu za su yi irin nasa.

Balkisa ce ta tambaya, a hankali, me dokar ta ce game da mutuwa. Kowa ya juyo gare ni. Na buɗe takardar dokar, ko da yake na san abin da ke ciki. Mutum yana fita daga ƙungiya in ya ajiye da kansa, ko in an kore shi. Shi ke nan. A takarda, Arzika, har yanzu kai mamba ne. Wani ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye ta.

Abin da ya fi ruɗa ni, kowane ɓangare da sunanka yake rantsuwa. Gado ya ce kai ba ka taɓa karya doka ba. Nasiru ya ce kai ne ka yi tafiya cikin ruwan sama a kan yashi don firigon wani gidan likita ya mutu. Duka biyun gaskiya ne, ina wurin. Na zauna a kujerarka ina sauraro, na ga ban san wanne daga cikinsu za ka goyi baya ba. Shekara da shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya. Ashe ban san ka kamar yadda nake zato ba? Ko kuwa kai ma da ka rasa ta cewa?

Na ɗage taron ba a yanke komai ba. Na biya gidanka don gaisuwa. Haɗiza ta aiko ƙanwarta da wani abu a ƙulle cikin gyale. Mabuɗin ne. A aljihun rigar da ka faɗi da ita aka same shi. Ta ce in tafi da shi, don ta gaji da masu zuwa gaisuwa suna kewaye-kewaye suna tambayarta ko ka faɗi wani abu. Ta ce abin da ka faɗa ɗaya ne, kuma sunana ne a ciki.

Kafin nan ina iya cewa ba yadda zan yi. Da mabuɗin ya shiga aljihuna, wannan uzuri ya ƙare.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Ni ina tsoron wuta. Tun muna makaranta nake tsoronta. Lissafinta na iya, zanenta na iya, rahoto kuwa ka san ba a fi ni ba. Amma duk ranar da na sa hannu cikin akwati, don kana tsaye a bayana ne kana tsokanata da malamin takarda. Ban sani ba ko ka gane. Wani lokaci ina ganin ka gane tuntuni, shi ya sa ba ka taɓa barina in tafi aiki ni kaɗai ba. In haka ne, me ya sa ni kake son nuna wa? Abu ne na ido, ko na lissafi? Kuskure ne a zanen da na yi? Na ciro zanen na bi shi layi-layi har idona ya yi ja. Ban ga kuskure ba. Amma ai wanda ya yi kuskure shi ne na ƙarshen ganinsa.

Ga abin da na yi. Na kira su na ce ba za a yanke kwaɗonka ba, ba kuma za a bar shi ba. Marfin akwatin yana da hudar da za ta ɗauki kwaɗo biyu. Zan sa nawa tukuna, sannan in cire naka, ta yadda ƙofar ba za ta taɓa zama babu mai ita ba. Duk abin da ya biyo baya, ni za a tambaya. Nasiru ya ce wasan yara ne, amma ya mayar da kwaɗonsa aljihu. Gado ya ce wannan ba ya cikin doka. Na ce masa mutuwa ma ba ta ciki. Bai amince ba, bai kuma hana ba, ranar tafiya sai ga shi a tasha da hularsa ta aiki.

Jiya muka je. Na sa nawa, na murɗa mabuɗinka, ya buɗe ba gardama. Na ce kowa ya ja baya. Sannan na buɗe nawa da hannuna, na buɗe marfin.

A ciki na ga bakin wata waya ya ɗan yi duhu, kusoshinta ya saki kaɗan. A kusurwar sama kuma zanzaro ya yi ɗaki. Iyakar abin da na gani ke nan. Arzika, wannan aikin sukundireba ne, da ka gama shi kafin Madam Zali ta wanke hannu. Ba za ka bar likita a duhu don ɗakin zanzaro ba. Ko za ka bari? Ko jikinka ne ya fara gaya maka wani abu, idonka ya yi duhu, ka ji hannunka ba naka ba, ka ƙi taɓa wuta a haka? Wannan tunanin ya zo mini ina durƙushe a wurin. In shi ne, to akwatin lafiyarsa lau, kai ne ba lafiya, kuma ba wanda ka gaya wa. Amma in haka ne, mene ne abin nunawar?

Mun canza wayar. Mun canza babban makunnin gaba ɗaya da sabo daga shagon Nasiru, ko da yake tsohon bai nuna laifi ba. Balkisa ta sake auna komai, Gado ya sake auna abin da ta auna. Da ba sauran abin aunawa, suka tsaya suna kallona. Na yi bismilla na ɗaga makunnin.

Firigo ya yi tari ya kama. Fitilar ɗakin haihuwa ta kawo. Madam Zali ta rangaɗa guɗa, matan da ke zaune a inuwa suka taya ta. Majo ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Mun zauna har rana ta yi sanyi, ina tashi ina taɓa akwatin da bayan hannu ko zai yi zafi. Bai yi ba. Na rufe marfin, na bar kwaɗona a kai.

A mota kowa yana murna. Nasiru har ya ba Gado goro, Gado ya karɓa. An ce a taro mai zuwa za a ƙara sharaɗin mutuwa a doka, da na faɗin dalili, ni zan rubuta. Yau da safe majo ya aiko cewa wuta ta kwana lafiya, za a dawo da alluran cikin makon nan.

Ya kamata in ji daɗi. Amma ban sani ba ko na gyara abin da ka gani, ko na kunna wuta a kansa. Wataƙila ba komai. Wataƙila yana nan yana jiran zafin bazara. Na gaya wa majo kowace ranar kasuwarsu zai gan ni, kuma in ya ji ƙauri ko ƙara, ya fitar da mutane tukuna sannan ya kira ni. Ya ce to, yana mini kallon da ake yi wa wanda rashi ya taɓa.

Allah ya jiƙanka, Arzika, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka. Na sauke maka wannan aikin. In akwai abin da ka gani ban gani ba, yanzu sunana ne a ƙofar.

Abokinka malamin takarda,
Tankari