'Yar farina ta kai kukanta gidan wata

Assalamu alaikum Malama Zulaihatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, abu ne ya tsaya mini a ƙahon zuci, kuma ba irin wanda zan iya faɗa wa maƙwabciya ba ne.

Ni matar aure ce a Malikanchi, ƙasar Ikara. Allo na yi har na sauke, boko kuwa sai ɗan yaƙi da jahilci. A unguwarmu in mace ta rasu ni ake kira in yi mata wanka. 'Yar farina tana makarantar koyon jinya ta sojoji. Kin san al'adarmu, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama hira da ita ba. Ko zazzaɓi ta yi tana ƙarama kakarta ke ɗaukarta, ni ina leƙe daga bakin ƙofa. Haka na ga uwata ta yi wa yayanmu, ban ɗauke shi komai ba.

Bayan ƙaramar salla aka tura su asibitin bariki koyon aiki. Aka haɗa ta da wata matar soja, Khairiyya, tsararta ce, wadda jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. An yi iya yi, amma kwana ya ƙare. Hannunta na cikin na yarinyar nan ta cika, ita ta laƙƙana mata kalmar shahada. Mutuwar farko ke nan da ta gani da idonta.

Duk wannan ba daga bakinta na ji ba, ƙanenta Huzaifa ya faɗa mini. Da ta zo hutu ta rame, kakin ma ya yi mata yawa. Na yi mata dambun zogale da take so, ta ɗan tsakura, ta yi godiya, ta shige ɗaki. Washegari ta tafi Kudan wurin Hajo, mahaifiyar marigayiyar. Ta'aziyya ce, na sa albarka. To amma har yau ta'aziyyar ba ta ƙare ba. Kowane hutu Kudan take fara sauka. Huzaifa ya taɓa raka ta, ya ce ya gan ta ta ɗora kai a cinyar matar tana kuka, wai da ta lura da jinin da wuri, wai ita ajiye karatun za ta yi. Inna take ce mata. Ni kuwa Yaya take ce mini, yadda ta tashi ta ji ƙannena na faɗa.

Malama, astagfirullah, kishin matar nan nake yi. Mace mai makoki fa! Rannan ta aiko mini da rake da mazarƙwaila, na raba wa yara, ko ɗanɗanawa na kasa. Ni da na rufe idon mata ba adadi, na san nauyin da hannu ke yi bayan ya taɓa gawa, na san addu'ar da ke sauke shi, amma 'yar cikina ta tsallake ni. Har na yi tunanin in sa mahaifinta ya hana ta zuwa. Ina tsoron Allah, ina kuma tsoron kada ta zama 'yar Hajo gaba ɗaya. Yaya zan yi?

Daga mai wankan mata, Malikanchi.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya jiƙan Khairiyya, ya raya abin da ta bari.

Kada ki ɗauki kanki muguwa, so ne ya rasa ƙofar fita. Amma kada ki sa a hana ta zuwa Kudan. Hajo ba sace miki 'ya ta yi ba, hannun da ya riƙe 'yarta a ƙarshe take riƙewa. Ita kuma yarinyar, tana neman wanda zai ce mata ba laifinta ba ne, kuma daga bakin uwar mamaciya ne wannan magana za ta fi zauna mata. In kika toshe hanyar, mutum biyu za ki ƙara wa ciwo, ke ma ba za ki samu abin da kike nema ba.

Sannan ki yi wa 'yarki adalci. Ruwa ba ya bin inda ba a yi masa hanya ba. Kin ambaci Huzaifa, kin ambaci Hajo, amma har kika kai ƙarshe ba ki iya rubuta sunanta ba. Kunyar 'yar fari ado ce, ban raina ta ba, sai dai ba farilla ba ce, kin fi ni sani.

In ta sake zuwa hutu, ki yafa mayafinki ki bi ta Kudan, ki yi wa Hajo ta'aziyya da bakinki, ki gode mata kan raken. In kun dawo, ki jawo ta tsinkar zogale, ki ba ta labarin mace ta farko da kika wanke da yadda kika ji a ranar. Kada ki tambaye ta komai, ki bar ta ta ji cewa ke ma kin bi ta nan. Batun ajiye karatu, ki ce ta dakata, ba a yanke shawara da ɗanyen rashi. Ta samu malamarsu su bi abin da ya faru dalla-dalla, in kuma barci da abinci sun ci gaba da gagararta, ta ga likita.

Kafin duk wannan, ki kira ta da sunanta, ko da murya ƙasa-ƙasa. In ta waiwayo tana neman wanda ya yi kiran, ki sake.

Allah ya sanyaya zukatanku ku uku, ya sa albarka a hannunta da naki.