Keken da Baba Ya Ɗauka Ya Karye

Laraba, bayan Isha'i

Yau na sayo keken nan mai ninkewa, na gwanjo. Ƙarami na zaɓa don ya shiga but ɗin motar haya ta Bangi, in na sauka a bakin titi in buɗe shi in ƙarasa makarantar da nake koyarwa.

Na ajiye shi a zaure a ninke na shiga wanka. Ina fitowa na tarar da Baba tsaye a kansa, carbi a hannunsa. Sai ya durƙusa yana shafa gwiwoyina.

"Sani, wace mota ce ta buge ka?"

Na buɗe keken, ya miƙe garau. Baba ya yi dariya, ya ce aikin banza. Amma har aka kira magariba bai saki hannuna ba.