Irin Naman da Ke Cikin Firiji

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara, da fatan ƙafar nan ta daina damunki. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan jiki lafiya lau, hankali ne dai ba a kwance ba.

Maganar ƙaninki ce da 'yarmu Auta. Kin san yadda yake aikinsa: duk naman da ya tsima, sai ya ɗebi kaɗan ya ajiye a firiji, ya cuɗa da sabon niƙaƙƙen nama kafin a ɗura a hanji a rataye. Shi yake kira iri, kuma tun hannun marigayi Baba irin nan bai taɓa yankewa ba. Ni kam ina tsokanarsa cewa ya fi lallaɓa shi a kaina.

To, Auta ta ɗauki kaɗan ta kai ɗakin gwaje-gwajen da take aiki, da nufin ta faranta masa. Ta ce ƙwayoyin bakteriyan da ke ciki na kirki ne, su ke kawo tsamin da ke hana nama lalacewa, ba sa sa kowa ciwo. Amma da ta bincika ƙwayoyin halittarsu, sai ta ga suna ɗauke da wani gado da ke hana maganin kashe ƙwayoyin cuta aiki, kuma suna iya miƙa shi ga miyagun ƙwayoyi a cikin mutum. Ta ce a zubar, za ta kawo sabon iri mai tsabta.

Yaya, ai sai ƙaninki ya hau sama. Ya ce abin da bai taɓa kwantar da kowa ba, yarinyar da ya goya ba za ta sa shi zubarwa ba. Ita kuma, da taurin kan da kin san inda ta gado, ta ce in ya sake cuɗawa, dole ta sanar da masu duba lafiyar abinci. Ya ce ranar da ta yi haka, ta nemi wani uban. Yanzu ko gaisuwarta ba ya amsawa, abinci ma daban-daban nake kai musu.

Makullin firijin yana hannuna, kuma kowannensu ya same ni a ɓoye. Shi ya ce in ba shi ya ɓoye irin, ita ta ce in ba ta ta zubar. Jibi za a kawo nama. Wallahi tsoro nake ji, don duk wanda na miƙa wa, na rasa ɗayan. Ke kaɗai yake jin maganarki, don Allah ki kira shi kafin nan.

Ki gaida Alhaji da Gwaggo da su Ƙarami. Auta na gaishe ki, tana nan kusa da ni, ido ya kumbura.

Taki,
Matar ƙaninki