Kunnen Shagon Alhaji Shekara

Kano, Nuwamba 1984

Hajara,

Bayan gaisuwa, ina fata ke da Inna kuna lafiya. Direban da ke bin hanyar daji tun da aka rufe iyaka zai ba ki kaset uku da pil, wato batir. Waƙoƙi iri ɗaya ne a kansu, na tsohon faifan Turawan nan masu jita da nake kunna miki kina ƙarama. Na ɗaya daga bugun Legas na kwafe shi, na biyu daga tsohon bugun Ingila, na uku daga sabon da aka gyara sautinsa a Japan. Alhaji Shekara, mai shagon da nake aiki, zai buga da yawa don 'yan jami'a, ya ce in zaɓi wanda za a kwafa.

Ki saurare su a manyeto, rikodar nan da na bari, ki rubuto mini abin da kika ji. Kada ki cika mini takarda da Faransancin kwalej. In ba ki iya ba ki faɗa, in san karatun naki na banza ne.

Yayanki,
Illa

Matameye, Disamba 1984

Zuwa ga Yayana Illa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Inna na gaishe ka. Ta ce in gaya maka ba a sami ko dami ɗaya a gonar hanyar Dungu ba, an kuma sayar da akuyar ƙarshe ranar kasuwa.

Na saurare su yadda ka koya mini, ido a rufe, cikin rumbu, tunda fanko ne kuma babu hayaniya. Na ɗaya kamar an rufe masu kiɗan a tukunya. Babbar jita da ganga sun cakuɗe, ba a sanin wadda ta fara. Na uku ya fi tsabta, babu ƙas-ƙas ko kaɗan, har ana jin yatsa na zamewa a kan tsirkiya. Amma sun ƙara wa farantan ƙarfen mai ganga kaifi, kafin waƙa ta uku kunnena ya gaji. Na biyu yana da ƙas-ƙas, sai dai kowa na wurinsa: mai jita a dama, mai ganga can baya, kuma ana jin mawaƙin ya ja numfashi kafin ya ɗaga murya. A na uku sun share numfashin. Ni dai na biyu na zaɓa.

Yaya, ka gafarce ni da tambaya. Kai da ake kira Kunne a shago, me ya sa ba ka saurara da kanka ba? Da ka zo Sallah, Inna ta kira ka daga bayanka har ta gaji, ba ka waiwaya ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Hajara

Kano, Janairu 1985

Hajara,

Ina gaishe ku. Na karanta wa Alhaji maganarki kamar tawa, har ya ce shi ya sa ba ya rabuwa da ni. Buhun masara na tafe.

Tunda bakinki ba ya shiru, ki ji. Ranar da zan dawo Kano bara, tun kafin Sallar da kika ambata, masu kaki suka tsare mu a daji. Ɗaya ya tafa mini hannuwansa biyu a kunne lokaci guda, don na ce ba ni da abin ba shi. Na dama ya mutu. Na hagu sai an matso an ɗaga murya, sauran kuma ƙugi ne dare da rana. A shago bakin mutane nake kallo, da allurar da ke rawa a jikin na'ura. Ba wanda ya sani.

Kada ki gaya wa kowa, ko Inna. Tuwon da kike ci kina zuwa kwalej da farin takalmi, daga wannan kunnen yake fitowa.

Illa

Matameye, Fabrairu 1985

Zuwa ga Yaya Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina fata kana lafiya. Baffa na nan ƙalau, jiya na kai masa kunu.

Na daɗe ina juya wannan magana. Kai ɗan'uwanmu ne, shago ɗaya kuke da Yaya Illa, shi ya kai ka wurin Alhaji, don haka ban ga wanda ya fi ka ba. Yaya ba ya ji sosai, an yi masa rauni a kunne. Mushen da ke koya mana kimiyya ya ce irin wannan wani lokaci yana warkewa in an je da wuri, kuma Kano akwai likitocin kunne. Ka san halinsa, ba zai je da kansa ba. Don Allah ka lallashe shi ka raka shi, amma kada ka ce ni na faɗa. Amana ce na ba ka.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka,
Hajara

Kano, Maris 1985

Hajara,

Ina gaida Inna.

Bari in ba ki labarin likitan da kika aiko mini. Ranar Asabar shago cike, Rabi'u ya sa kaset, ya ce Alhaji na son ra'ayina. Ashe ya zare wayar lasifika ta baya. Allura na rawa, ni ina kaɗa kai. Alhaji ya matso ya ce, "Kunne, ya ka ji gangar?" Na ce, "Ta ɗan yi yawa, Alhaji, a rage ta." Sai na ga bakuna sun buɗe. Ban ji dariyar ba, ganin ta na yi. Mai shayin ƙofar shago har da riƙe ciki. Rabi'u ya ɗago wayar yana nuna wa mutane, ya zo saitin kunnena na hagu ya ce, "Yaya, a ƙaro maka?"

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce shagon sauti ba gidan kurame ba ne, ya ba ni kuɗin mota.

Abu ɗaya na roƙe ki a duniya. An kai ki makaranta kin koyo rubutu, kin rasa abin da za ki rubuta sai ni. Ina tafe gida. In kin gan ni kada ki gaishe ni, ko kin gaisar ba ji zan yi ba.

Illa

Kano, Mayu 1985

Ƙanwata Hajara,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Inna, yaya zafi, yaya kurmanmu? Ki ce ina gaishe shi, amma ki ɗaga murya.

Kada ki riƙe ni a zuciya. Da ban faɗa ba, wani zai faɗa, gara kujerar ta zauna a gida. Yanzu ni ke zaɓa wa Alhaji. Sai dai ni, in gaya miki gaskiya, duk ɗaya nake jin su, ƙara ce kawai. Na ga takardarki ta Disamba cikin kayan da Illa ya bari, na gane inda Kunne yake samo kunnensa.

Ga kaset biyu na wani faifan, tsohon bugu da sabon gyara. Ki yi mini yadda kika yi masa. Na ji an ce layin rabon tsaba a Matameye ya kai bakin tasha, kuma Inna ta faɗi a cikinsa. Akwai buhun masara a ɗakina. Direban da ya kawo amsarki shi zai koma da shi. In babu amsa, akwai masu so a nan.

Naki,
Rabi'u

Matameye, Yuni 1985

Zuwa ga Yaya Rabi'u,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso.

Na saurare su cikin rumbu. Yaya Illa ya shigo ya tarar da ni. Tun da ya dawo bai yi mini magana ba, sai ranar. Ya ɗora tafin hannunsa a kan manyeto yana jin bugun ganga, ya ce, "Alhaji ne ya aiko? Ya ce in koma?" Na gyaɗa masa kai. Da safe ya wanke rigarsa ta zuwa shago, ya shanya.

Sabon gyaran ya fi. Murya ta fito gaba, ganga ba ta danne jita ba, kuma ba su share komai ba.

Ka ba direban buhun. Ka ce masa ya sauke a gidan Baffa, kada ya ambaci sunanka a ƙofarmu.

Ka huta lafiya.
Hajara