Gurbin da Baba Ya Ɓoye

Ƙanwata Arlene,

Yaya Mama da ciwon gwiwa? Ni lafiya lau nake a Doha. Aiki ba laifi, ruwa kuwa sai na famfo.

Na ga hoton. Ashe Baba ya kai mijinki fatsa a ɓoyayyen gurbin rafinmu, makwancin kifi mai ɗigo-ɗigo. Shekara goma ina riƙe masa gwangwanin tana a wasu wuraren, wannan kam bai taɓa kai ni ba, yana cewa, "Sirrin gida ne, 'yar boko, sai kin koyi shiru." Mijinki Wendell sarkin surutu kuwa, wata shida kacal da shigowarsa gidanmu aka kai shi.

Ban ji haushi ba. Allah ya sa albarka.

Ki dai ce masa a jiƙa hannu ake yi kafin a taɓa kifin da za a mayar ruwa. A hoton, nasa a bushe yake.

Yayarki,
Corinne